Matata Ce Ke Noman, Ku Bar Ta Ta Shiga Taro

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar manoman makadamiya ta yankinmu, a tsaunin Mambila.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran shugabanni, da fatan damina ta yi albarka.

Ranka ya daɗe, ni direba ne a gidan wani Balarabe a unguwar Murabba, nan Riyad. Da gumin tuƙin nan na sayi dashen itacen makadamiya mai aure, wato wanda aka haɗa da reshen iri mai kyau, a hannun ƙungiya. Amma wadda ta haƙa ramuka, ta yi ta jidar ruwa a ka da rani, ta yi fama da shanun mutane, matata ce Hajara. Ni a waya kawai nake ganin itatuwan.

Na ɗaya. Bara da suka yi 'ya'yan fari, kun kira taron koyar da girbi. Hajara ta je, aka tare ta a ƙofa, wai mai suna a ƙungiya kaɗai ke shiga. Ta ce mai sunan yana Saudiyya, aka ce idan ya dawo ya zo da kansa.

Na biyu. Tunda ba wanda ya gaya mata komai, sai ta yi musu yadda muke yi wa tsamiya, ta sa gora ta kaɗe su tas. Ashe makadamiya sai ta nuna ta faɗo da kanta ake tsince ta. Maganar da ko a tsaye za a iya faɗa wa mutum ke nan! Ranar tara kaya kuka fasa ɓawon, kuka tarar ƙwayar a motse, kuka maido mata da buhunanta. Har wani ya yi mata dariya a gaban jama'a. Ban ga laifinku a ƙin karɓa ba, don ni nake ɗauko wa matar maigidana ƙwayar makadamiya daga kanti, na san mai kyau. Abin da ya ƙona min rai hana ta shiga taron ne.

Na uku. Da na ga itatuwan sun ɗauki 'ya'ya, na gaya wa kafilina, wato maigidan da ya tsaya min, kada ya sabunta min iƙama, takardar izinin zama, gida zan koma, baya ya gaji da kujerar mota. Da girbin ya lalace, da kunya na koma na roƙe shi ya sabunta.

Yanzu ga shi sun sake fure. Roƙona ɗaya ne: ku cire sunana ku sa nata, ku koya mata tun kafin 'ya'yan su ƙosa. Ita ce manomiyar, ba ni ba. Idan girbin bana ma ya lalace, wata shekarar zan ƙara a nan, kuma mahaifiyata ta tsufa, ban san ko za ta jira ni ba.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon yin adalci.

Wassalam, daga ɗan ƙungiyarku,
Sale Direba, Riyad.