Ƙofar da Aka Auna da Naɗaɗɗen Keke

Daga: Uwargidan tsohon direban tirela,
Gida mai lamba 9, Layin Bayan Makaranta.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Rajistar 'Yan Kwangila,
Ofishin Kula da Gine-gine.

18 ga Satumba, 2023

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN ƊAN KWANGILA MAI RAJISTA DA AKE KIRA AN-GAMA, DA ƘOFAR BANƊAKIN DA YA GINA

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, da fatan kana lafiya, kuma ƙofofin gidanka suna shiguwa. Mai wannan ƙorafi mahaifiyarmu ce, wadda muke kira Umma. Ita ke faɗa, autarta ke rubutawa, kuma an tace wasu kalmomin nata saboda darajar ofishinka. Ta ce a sanar da kai tun farko cewa ba maganar kuɗi ta kawo ba. Mijinta take so ya dawo gidansa. Ga yadda abin ya kasance:

1. A ranar 3 ga Mayu, mijin mai ƙorafi, wato Baba, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki na dama. Mutum ne da ya tsufa a kan sitiyarin tirela, wanda abokan aikinsa suke shaidar cewa yana iya shigar da mota da ribas inda wani ba zai shigar da baro ba. Da aka sallame shi daga asibiti, likita ya ce kafin ya koma gida sai an yi abu biyu: a mayar da matakalar ƙofar gida gangara, a kuma faɗaɗa ƙofar banɗaki yadda keken guragu zai shiga. Kafin a kammala, aka ajiye Baba a gidan babbar 'yarsa, da keken aro na asibiti. Da hannun hagu da ƙafar hagu yake tuƙa shi, kuma cikin ɗan lokaci ya ƙware. Sai dai zaman gidan suruki ga mutum irinsa ciwo ne na biyu, domin ko tari zai yi sai ya duba ko mai gidan yana kusa.

2. Iyali suka zauna zaɓen ɗan kwangila, mutum uku suka zo. Na farko ya cika tambaya: wane ɓari ne ya shanye, ina keken, wa ke tura shi. Babban ɗan gidan, Yaya Babba, wanda ke aikin ofis kuma yake ganin hakan ya sa ya san komai har da siminti, ya yanke hukuncin cewa mai yawan tambaya ɗan koyo ne. Na biyu ya ce aikin zai ci fiye da wata guda, Umma ta ce malalaci ne. Sai na uku ya yi sallama, tef ɗin awo a ƙugu, fensir a bayan kunne, ga takardar shaidar ofishinka a cikin firam mai gilashi, an naɗe ta da tawul kamar jaririya. Ya gaida kowa daidai da girmansa. Da aka ambaci ciwon Baba har ƙwalla ya share. Duk abin da Umma ta fara faɗa, kafin ta kai ƙarshe ya ce an gama, kuma a nan ta fahimci inda ya samo sunansa. Bai yi tambaya ko ɗaya ba, abin da ya burge Yaya Babba ƙwarai. Umma kuwa ta shafa hatiminka ta bayan gilashi, ta ce mutumin da hukuma ta buga wa wannan ba zai ci amana ba. Ranka ya daɗe, hatiminka aka ɗauka aiki, shi An-Gama rakiya ya yi.

3. A ranar 12 ga Yuni ya iso da leburori da guduma. Kafin azahar sun rushe matakala, sun fasa bangon banɗaki, sun tumɓuke masai, sun kuma cire ƙofar kicin wadda ba wanda ya yi ƙararta. Umma ta ga ƙura ta tashi, ta yi murna, ta ce yau ta ga masu zuciyar aiki. Washegari ko ƙeyarsa ba a gani ba. Daga baya ta gano cewa haka tsarin aikinsa yake: ya fara rushe abin da mai gida ba zai iya rayuwa babu shi ba, don kada a sallame shi, sannan ya wuce wani gidan ya rushe nasu. Ta haɗu da wata mata a layin gaba da ke kwana tana ƙirga taurari saboda ya yaye mata rufi, da wani malamin makaranta da ke shiga gidansa ta taga. Ita mai ƙorafi, da furfurarta, ta shafe makonni tana ɗaukar buta zuwa gidan maƙwabta kowace safiya, tana gaisawa da mai gidan a tsakar gida, kowa ya san inda ta nufa, kowa yana yi kamar bai sani ba.

4. A ranar 20 ga Yuli ya dawo, fuska a sake, kamar wanda ya je sayen ƙusa. A nan ne ainihin ƙorafin yake, kuma ana roƙon Mai Girma ya karanta a tsanake. 'Ya'yan Baba sun saya masa sabon keke daidai girman na asibiti, yana jingine a bayan kabad, a naɗe, cikin ledarsa. An-Gama ya zaro tef, ya durƙusa, ya auna keken nan yadda ya same shi, a naɗe. Ya sake aunawa don tabbatarwa. Ya ƙara taƙi guda, wai don iska, ya rubuta lambar a bango da fensir. Daga nan ya sanar da Umma cewa tsohuwar ƙofar ma ɓarnar fili ce, zai ɗan rage ta ya fitar mata da 'yar kantar ajiye sabulu. Umma tana tsaye tana kallo. Ranta ya raya mata cewa wani abu bai yi daidai ba, amma ta tuna firam mai gilashi, ta haɗiye maganarta, ta je ta dafa masa shayi.

5. Da aka gama gini aka yi filasta, Umma ta kasa haƙuri ta ce ita dai ƙofar nan ta yi wa idonta ƙunci. An-Gama bai yi fushi ba. Ya tara iyali, ya ɗauko keken, har yanzu a naɗe, ya tura shi ta ƙofar ya shiga, ya jawo shi ya fito, ya nuna sararin da ya rage hagu da dama. Yaya Babba ya gyaɗa kai, ya ce gani ya kori ji, ya kuma ja hankalin mahaifiyarsa da ta daina sa baki a aikin masana. Mutum shida ne a tsaye a wurin, a cikinsu akwai masu digiri, ba wanda ya ce a buɗe keken. Mai riƙe da biron nan ma tana cikinsu.

6. Batun gangara ba zai ɗauki lokacinka ba, domin ita ma ba ta ɗaukar lokacin kowa: daga sama zuwa titi ƙiftawar ido ce. Ya miƙar da ita tsaye kamar mai fushi, ya kuma lulluɓe ta da tayil mai sheƙi, wai don ta yi kyau a hoto. Mai kawo ruwa ya daina shigowa. Yaya Babba ya sauko daga kanta sau ɗaya a kan gadon bayansa, cikin kayan ofis, jaka a hannu. Mai ƙorafi ta ce a rubuta cewa wannan ne kaɗai amfanin da ta gani a aikin gaba ɗaya.

7. A ranar 2 ga Satumba aka dawo da Baba. Ya yi aski, ya sa hularsa, maƙwabta sun cika ƙofar gida suna yi masa barka. Ƙarti uku suka turo shi ta gangara suna nishi, ya yi dariya, irin wadda rabon Umma da jin ta tun kafin ciwon. Aka buɗe sabon keke, aka mayar da shi ciki. Ya hana kowa taɓa shi, ya zaga falo da kansa, ya leƙa ɗakinsa, sannan ya nufi banɗaki. Ya saita ƙofar, ya matsa, tayoyin suka daki bango. Ya ja da baya, ya dubi hagu ya dubi dama kamar mai duba madubi, ya gyara kwana, ya sake matsawa, suka sake dukan bango. Ya sake gwadawa da ribas. Nan ma tayoyin suka daki bango. Daga ƙarshe, saboda buƙata ba ta jiran magini, ɗansa da surukinsa suka ɗaga shi cak suka shiga da shi a karkace, hularsa ta faɗi a bakin ƙofa. Umma ta tsince ta, ta shige kicin ɗin nan marar ƙofa, ta rasa abin da za ta rufe ta yi kukanta. Mutumin nan 'ya'yansa ba su taɓa ganin kansa babu hula ba. Da yamma ya ce a mayar da shi gidan 'yarsa, inda aƙalla yake shiga banɗaki shi kaɗai.

8. A ranar 5 ga Satumba mai ƙorafi ta bi sahun ƙura har ta samu An-Gama a wani gida yana rushe musu tankin ruwa. Ta yi masa bayani cikin harshen da ba zai shiga wannan takarda ba. Ya saurara da ladabi, sannan ya amsa cewa awonsa daidai yake, laifin na waɗanda suka buɗe keken ne. Ya ce ba wanda ya gaya masa da mutum a ciki za a shiga. Ya ba da shawarar a riƙa naɗe keken a bakin ƙofa a shigar da shi, shi kuma Baba ya san dabarar da zai yi ya bi bayansa. A ƙarshe ya tunatar da ita cewa shi mai rajista ne, in tana da ja ta tambayi ofishinka. To, ga ta ta tambaya.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, mai ƙorafi tana roƙon Mai Girma Shugaba abubuwa kamar haka:

Na ɗaya, a turo jami'i ya duba aikin, kuma a zaune zai duba, a cikin keken. In Mai Girma ya ga dama ya zo da kansa, Umma ta yi alkawarin tarbarsa da shayi, sannan ta sake shi daga saman gangara don ya gane wa jikinsa.

Na biyu, a umarci wani maginin ya fasa ƙofar ya kuma kwantar da gangarar, kuma a yi awon da keke a buɗe, da mai keken a ciki. Umma ta fi son mai yawan tambayar nan, in har zai yarda ya sake taka gidan da aka kira shi ɗan koyo.

Na uku, a duba yadda aka yi An-Gama ya samu hatiminka. Ba ta ce a raba shi da abincinsa ba, tana da 'ya'ya ita ma. Amma tana ganin nan gaba, kafin a buga wa mutum hatimi, a miƙa masa keke a ga ko ya san ana buɗe shi.

Ana kuma sanar da ofishinka cewa An-Gama ya manta gudumarsa a bayan ƙofarmu. Umma ta gwada ɗaga ta, ta ga tana iyawa. In watan nan ya ƙare ba ta ji daga gare ka ba, za ta faɗaɗa ƙofar da kanta, ba tare da rajista ba, kuma ta ce a ɗauki wannan a matsayin sanarwa, ba neman izini ba.

Roƙo na ƙarshe shi ne wanda guduma ba za ta iya ba. Tun da Baba ya koma gidan 'yarsa, kullum da safe sai ya sa a ajiye masa bokiti biyu a tsakar gida, tsakaninsu daidai faɗin ƙofar nan. Yana saitawa, yana matsawa, yana ture su, yana sa a sake jerawa. Mun gaya masa ƙofar ce ta yi ƙunci, bai yarda ba. A ganinsa magini mai takarda ba ya kuskure, hannun direba ne ya mutu. Mu ya ɗauka lallashinsa muke yi, amma a gidanmu, kamar yadda ka gani, ana gaskata hatiminka. Don haka mai ƙorafi tana roƙonka, don girman Allah, ka rubuto layi biyu a takardar ofis, ka buga hatimin nan a ƙasa, ka ce ka bincika ka tabbatar babu direban da zai iya shiga ƙofar nan. Ita za ta sayi firam ɗin.

Allah ya ƙara girma, ya raba ka da ranar da za a ɗauke ka a karkace a gidanka.

Mai biyayya gare ka,

Uwargidan tsohon direban tirela
(dangwalen babban yatsa)

An rubuta da hannun autarta, an karanta mata, ta ce an rage zafin amma a bar shi haka.