Gurbin Sunan Yaya a Waƙar Inna

Laraba, bayan isha'i

Yau na kai wa hedimasta samfurin littafin hotunan da na haɗa da waƙar rainon Inna. Ya yi dariya har da share hawaye a shafin da akuya ta hau acaɓa da ɗankwali a ka. Da ya zo shafi na biyar sai ya tsuke fuska.

"Malam Tasi'u, mai bugawa ya tsallake maka suna ɗaya. Ga fili, sannan Ladi, Tasi'u, Uwani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kuskure ba ne. Haka Inna take rerawa. In ta zo kan ɗan farinta sai ta yi mm-mm ta wuce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba."

Wai yara ba sa koyon karatu da mm-mm. In cike gurbin, ko makaranta ta fasa ɗaukar littafin.

To a fasa mana! Ni da na sayar da rigar ruwa a tsakiyar rani, littafi ne zai gagare ni? Jikokin Inna shida ne a makarantar nan. So yake su dawo gida suna rangaɗa mata sunan a cikin waƙarta, tsohuwa ta rasa inda za ta sa kanta?

Da yamma na karanta wa Tabawa mai ƙuli-ƙuli. Muna isa gurbin ta riga ni yin mm-mm, ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce in ajiye mata biyu.

Ranar kasuwar Makoda zan baje littattafan kusa da masu daddawa. Sunan da Inna ba ta faɗa ba, ni ba zan buga shi ba.