Labulen Ɗakin Umma

Litinin, 3 ga Maris

Na je duba Umma na tarar an cire labulena. Labulen da na ɗinka da hannuna tun da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, yadi mai nauyi, har da shafi na yi masa. Yana ninke a kan durowa. A tagar kuwa tsohon zanin gado ne, mai ɗigo-ɗigon shuɗi, wanda muka kwana a kai muna yara. Wai Auta ce ta ɗinka. Auta, da ko maɓalli ya cire mata shagona take kawowa.

Laraba, 5 ga Maris

Ba ma ɗinki ba ne. Ta farke gefen kalmasar zanin ta sama, ta zura ƙarfe, ta kalmashe ƙasa da allurar hannu. Shi ke nan. Amma Gwaggo ta zo tana ta shafa shi, wai yarinyar nan akwai dabara, ko sisi ba ta kashe ba. Umma na ta murmushi. Shekara goma sha bakwai ina kan keke, ban taɓa samun wannan murmushin ba. Na ce eh, ya yi kyau. Muryata ma ba ta yarda da ni ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Kishi nake. To, na rubuta.

Asabar, 8 ga Maris

Na sa tef na auna da Umma na barci. Gefen hagu ya gaza na dama da kusan inci biyar, har kusurwar tagar a buɗe take. A shagona mai koyo ta yi haka sai ta warware. Babu wanda ya gani sai ni. Na tambayi Umma me labulena ya yi mata, ta ce ba komai, duhu dai yake sa wa ɗakin. Ni da na yi shafi don kada rana ta dame ta.

Talata, 11 ga Maris

Na ce zan wanke labulen Auta, na tafi da shi shago. Na warware ɗinkin Auta, wani tsalle-tsalle kamar sawun kaza. Na saki kalmasar, na daidaita, na bi da keke, na goge. Ya zauna cif. Na mayar kafin Auta ta taso daga kantin magani. Na tsaya ina jiran Umma ta ce wani abu. Ta daɗe tana kallon tagar, sannan ta ce sannu da aiki, ta juya ta fuskanci bango.

Ban ji daɗin da na zata ba.

Laraba, 12 ga Maris

Auta ta same ni a shago. Na shirya faɗa, har na tanadi abin da zan ce. Ba ta yi faɗa ba, ta zauna kan benci tana wasa da alli.

"Yaya, Umma ce ta sa na ɗage gefen. Daga kwance ta nan take hango ƙofar gida. Da la'asar ta yi take fara kallo, ta ce yanzu telarmu za ta shigo."

Na ce ai sai a faɗa wa mutum. Ta ce Umma ta hana, wai kar na ga kamar dole ake min na zo kullum.

Na ce ina da aiki. Na taka keke ba yadi a ƙarƙashin allura.

Alhamis, 13 ga Maris

Ban je ba. Kunya.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je da allurar hannu da shuɗin zare. Na kwanta a gefen Umma, na sa kaina a kan filonta, na ce ta gaya min in ƙofar ta fito. Ina ɗagawa tana cewa ƙara, ƙara. Inci shida ya kama. Na Auta ma bai kai ba, in dai gaskiya za a bi.

Ɗinkin ya karkace, duk telan da ya gani zai yi dariya. Gwaggo ta leƙo ta ce har yanzu labulen Auta na nan da kyansa. Na ce yana nan.

Akwai zannuwan gado biyu a ƙasan akwatina, ba amfaninsu nake ba. Falo ma na son labule. Auta ta zo shago ta yi a kan keke, ni dai ba koya mata zan yi ba, zama kawai zan yi kusa.

Gobe zan sa jan mayafi. Ya fi fitowa daga nesa.