Kabarin da Muka Haƙa Maka Kafin Ka Iso

Zuwa ga ƙanena, Kofur Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Ni ne yayanka Haruna tela. Na san takarda ba ta zuwa inda kake, amma akwai labarin da nake so ka ji daga bakina, don naka ne, kuma duk Zango kai kaɗai ne ba ka san yadda aka yi ba.

Ranar da sojoji biyu suka tsaya a ƙofar shagona a unguwar Nima, ina tsakar ɗinkin wani kaftani. Ɗayansu ya cire hula, ni kuwa tun bai buɗe baki ba ƙafata ta sauka daga kan keken ɗinki. Suka ce motarku ta taka nakiya a arewacin Mali, kuna rakiyar tankar ruwa zuwa wani ƙauye da 'yan bindiga suka hana wa shiga da fita.

Ka dai san halinmu. Kafin in isa gida a Maamobi, labari ya riga ni. Abokanka na ƙwallo sun kwashi diga da shebur, sun cika trotro, motar haya, sun nufi maƙabarta. An tare layi da rumfa, an jera kujeru, liman ya ce sallah bayan la'asar. Ni ma na koma shago na yanko farin yadi na haɗa likkafani. Mu da muka tashi muka tarar ana rasuwa da safe a binne kafin rana ta faɗi, babu wanda ya tsaya ya tambayi ina gawar take. Sai da aka sallame la'asar, mutane suka miƙe suna neman makara, sannan muka tsaya muna kallon juna. Kana can wata ƙasa a ɗakin sanyi, ana jiran takardu da jirgi. Wallahi da kana nan, da ka yi mana dariya har ka riƙe ciki.

Dattawa suka ce kabari ba ya kwana da baki buɗe. Allah da ikonSa, a yammacin nan wani tsoho ɗan Nijar mai sayar da albasa ya rasu a Alajo, ba shi da kowa a garin nan. Shi aka sa a wurinka.

Mma, mahaifiyarmu, ba ta yi kuka ba, Salisu, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta sa aka naɗe rumfa aka mayar da kujeru, ta rufe ƙofarta. Ta ce, "Ba a yi wa uwa ta'aziyya ɗanta na kwance a waje. Sai an sa shi a ƙasa, a kan damansa, yana kallon alƙibla." Mata su zo tun daga unguwar Madina, su tsaya a bakin ƙofa su juya. Abinci kuwa, in an yi da gaske ta kurɓi koko don ta sha maganin hawan jini. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo mata liman, duk a banza. Ka san tsohuwar nan in ta kafe. Makonni suka yi ta wucewa tana ƙarewa a gaban idona, har na fara tsoron mutum biyu zan binne.

Sai daga baya na gane abin da ke cinta. Tun ranar da ka sa kakin soja ake cika mata kunne cewa soja in ya mutu a ƙasar wasu, rufe shi ake yi ko ta yaya, kamar ba shi da addini. Wani ma ya zo har shagona karɓar ɗinki, ya ce wai me ya kai musulmi sa shuɗiyar hular sojojin kiyaye zaman lafiya ya je yaƙar 'yan'uwansa musulmi. Na ajiye almakashi don kada in yi abin da zan yi da-na-sani. Na ce masa, ruwan nan da ƙanena ke yi wa rakiya, su wa za su sha? Waɗanda suka binne nakiyar sun san mata da yara ne ke jiransa, kuma da sunan Allah a bakinsu suka binne ta. Wannan ba zai taɓa daina yi mini ciwo ba. Kai da kanka ka ce mini a waya, "Yaya, talakan nan da na Nima uwarsu ɗaya, sai dai su ba sa barci da ido biyu rufe."

Ƙarshe dai ka iso, cikin akwati a lulluɓe da tuta, an liƙe shi ta ko'ina. Babban sojan ya ja ni gefe, ya gaya mini a hankali cewa ba za a buɗe ba, saboda yadda nakiyar ta bar ka. Liman ya ce lalura ce, a binne da akwatin, Allah Ya san niyya. Na yarda. Amma a bakin kabari na tsaya da likkafanina a cikin leda, ina kallon akwatin da gabansa da bayansa duk ɗaya. Ina kai, ina ƙafa? Ta wane gefe kake kwance? In na koma gida me zan ce wa Mma?

A nan ne wani soja cikin waɗanda suka rako ka ya matso. Saje Kwame, Kirista daga Kumasi, wanda kuke kwana tanti ɗaya. Ya yi magana da yarensu na Twi yana haɗawa da 'yar Hausar da ka koya masa. Ya ce shi ya sa ka a ciki da hannunsa. Ya ce ya nemo limamin sojojin Sanagal ya yi maka sallah, ya kuma nuna masa yadda ake kwantar da musulmi, a kan dama. Sannan ya kama yatsana ya ɗora a kan wani layi da ya ja da wuƙa a jikin akwatin, ya ce nan ne kanka yake. Na tambaye shi wa ya sa shi. Ya ce kai ne, tun farkon zuwanku: "In na riga ka, kada ka bari a kwantar da ni rigingine, tsohuwata ba za ta samu barci ba."

Sai da abokanka suka ƙara faɗin sabon ramin saboda akwatin. Na sauka ciki, muka daidaita ka da gabas, na shimfiɗa likkafanin a kan akwatin.

Da na koma gida na tarar da Mma zaune a kan darduma. Ta ce, "Ka ga fuskarsa?" Na ce ban gani ba. Ta ce, "Ina ya fuskanta?" Na ce alƙibla, a kan damansa, na kuma gaya mata yadda aka yi. Can ta ce a kira mata sojan.

Ya cire takalmi ya shigo, ya durƙusa a gabanta, bai ma san abin da ake cewa a ta'aziyya ba. Ta kama hannayensa biyu, hannayen da suka kwantar da kai, ta kifa fuskarta a ciki. A nan ne uwarka ta yi maka kuka, Salisu. Gaisuwarsa ce ta farko da ta karɓa. Bayan ta share ido ta ce a buɗe ƙofa, a kuma ɗora tukunya, baƙo bai ci komai ba.

Ina kewarka, ƙanena, kewa mai tsanani. Allah Ya jiƙanka, Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya kai wa mutanen ƙauyen nan ruwa da kwanciyar hankali, Ya raba su da masu zubar da jini da sunanSa. Allah Ya tsare Kwame, don ya koma can bakin aiki, Ya dawo da shi wurin uwarsa da ƙafafunsa. Amin.

Naka har mu sadu,
Yayanka Haruna