Ka Danna da Hannun Hagu

Tiga,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonar zuciyata. Zuwa ga maigidana, wanda ban taɓa furta sunansa a gaban Inna ba, amma yau zan rubuta shi: Mujitaba.

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya hannun? Yayanka, Yaya Lawal, ya zo ɗaukar maka wankakkun kaya, ya ce da la'asar zai koma asibiti wajenka. Shi ya sa na zauna da biro, don abin da ke cikina ya fi ƙarfin saƙon baki.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da safiyar da wutar lantarki ta kama ka. Gari ya waye da laima bayan ruwan sama, ka zura silifas ka nufi bangon baya don ka kunna injin da ke jawo wa kifayenmu ruwa. Ina bakin turmi ina dakan yaji. Ban ji ihu ba, kuma abin da ke firgita ni har yau ke nan. Shirun ne ya yi yawa na ɗaga kai, sai na gan ka manne da akwatin ƙarfen makunni, jikinka yana kaɗawa kamar karan dawa a bakin hadari, idanunka a buɗe amma ba ni suke gani ba. Kai ka koya mini cewa wanda wuta ta riƙe ba a kai masa hannu, sai busasshen icce. Taɓaryar da ke hannuna na ɗaga, na doki tsintsiyar hannunka da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ka faɗi. Na durƙusa a kanka ina kiran sunayen Allah, har ka yi tarin nan da ya fi mini duk wani sauti daɗi a duniya.

Likita ya ce wuta ta ci tafin hannunka na dama da yatsu uku, ƙashi kuma ya tsage. Ƙunar ta wuta ce, masoyina. Tsagewar tawa ce. Ka yafe mini? Ban taɓa tambayarka ba, don a kwana na huɗu, ina tsaye da kofin shayi a gefen gadonka, ka juya fuska bango ka ce, "Barakatu, ki koma gida. In aka yanke hannun nan, ba zan ɗaure ki da mai dungu ba." Na dawo gida kamar yadda ka umarta. Kalmar da nake tsoro ba ta fito daga bakinka ba tukuna, amma na ji motsinta a bayan haƙoranka, yadda masunta ke jin iska a jikin kwale-kwale tun ruwan dam bai tashi ba. Ranar Litinin likitoci za su kwance bandeji su yanke shawara. Me zan yi da kwanakin da ke tsakani, ya hasken rayuwata? Ina zan ajiye zuciyar da ta ƙi zama wuri ɗaya?

Bari in ba ka labarin gidanka. Tun ranar, Yaya Lawal ya zare fis ɗin da ke ba layin injin wuta, Inna ta jingina wa akwatin tsohuwar tabarma, ta ce duk wanda ya matsa kusa ba da yawunta ba. Da guga nake jan ruwa ina kai wa tankunan kifi uku, har tafin hannuna ya yi kanta, kuma bai wadatar ba. Ruwan ya yi kauri, ya fara wari. Ranar Lahadi na tarar da tarwaɗa bakwai sun juya ciki sama. Na tsaya ina kallonsu, sai na ga kamar duk abin da ka gina da hannun nan yana shirin bin hannun.

A nan na tuna da ɗan kwalin da ka sayo daga Kano farkon damina. Ka tuna? Da la'asar ne, muna kan tabarma a gindin mangwaro, ka ɗora mini wata 'yar farar aba a tafin hannu, ba ta kai sabulun wanka ba. Ka ce sunanta rile, makunni ce mai jin magana daga nesa ta wayar hannu. Na yi dariya har na ƙware. Ka kama ɗan yatsana kana bi da shi kan ramukanta huɗu, nan wuta ke shiga, nan take fita, ka ce, "Daga kan gado za ki riƙa ba kifi ruwa, ranki ya daɗe." Ɗumin hannunka na ranar yana nan a yatsan. Sai aikin gidajen mutane ya sha kanka, yau Kiru gobe Tudun Wada, mai gyaran wutar gari tasa ta gida kullum sai gobe. Ba gori nake maka ba, abin ƙaunata. Ni ma sau nawa na share kusa da kwalin ban tuna maka ba?

Na je na durƙusa gaban Inna, na roƙe ta ta bar ni in haɗa rilen da kaina. Ta yi kuka, ta ce ɗaya yana kwance, so nake a kwantar da na biyu? Ba ta amince ba sai da na ce zan aika wa Malam Sagir, wanda ya koya maka sana'a, wanda yanar ido ta zaunar da shi a gida. Jiya da safe ya zo da sandarsa. Da muka gaisa ya ce, "'Yata, idona ya tafi amma kaina yana nan. Ke ce idona yau, ke ce hannuna. Abin da ban ce ki taɓa ba, kada ki taɓa." Na ajiye masa kujera a ƙofar sito. Inna ta zauna a dokin ƙofa da carbinta.

Shekara uku ina miƙo maka filaya da salatif, na ɗauka na saba. Ashe kallon ruwa daban, shigarsa daban. Da na ɗauki testarka ta gwada wuta, sai da ta faɗi daga hannuna sau biyu. Malam ya sa na fara gwada ta a soket mai wuta, ya ce testa ma tana ƙarya, sai an ga ta haska ake yarda da shirunta. Sannan na kashe babban makunnin gida, na kashe inbata mai ba mu wutar batir, na zare sauran fis gaba ɗaya. Ya ce in damƙa su a hannun Inna. Ta ƙulle su a bakin zane, ta zauna a kai.

Na janye tabarmar. Wallahi, nurul ƙalbi, akwai shatin yatsunka a jikin fentin akwatin. Na kai testa kan kowace waya, shiru. Na sake kaiwa, shiru. Da na kwance murfin sai na ga abin da ya so raba ni da kai. Ɓera ya ɓare bayan jar waya, tagullarta tana gogar ƙarfe, koriyar wayar da ya kamata ta kwashe wutar ta kai ƙasa kuma tsatsa ta cinye ta tuntuni. Wurin bai kai tsawon farce ba. Ɗan wannan ne ya kayar mini da bishiyar kukar da nake jingina? Ɗan wannan?

Na cire akwatin ƙarfen gaba ɗaya. Na ɗauko na roba a cikin kayanka, na kafa shi a cikin sito inda feshin ruwa ba ya kaiwa, na ja sabuwar waya. Malam ya sa na karanta masa lambar da ke jikin injin da wadda ke jikin rile, ya yi lissafi a ka, ya ce za ta ɗauka har da rara. Ja a ramin da aka rubuta L, baƙa a ramin N, biyu a ɓangaren shiga, biyu a ɓangaren fita zuwa injin. Koriya ba ta bi ta cikinta ba, kai tsaye na kai ta kan ƙarfen da ka binne a ƙasa, bayan na kankare shi har ya yi ƙyalli. Duk wayar da na ɗaure, sai ya ce in ja ta kamar ina fushi da ita. Da na gama ya taso, ya bi aikin da yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa na ƙara matse sukuru guda.

Mayar da wuta shi ne abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Na tsaya a kan busasshen katako, hannu ɗaya a baya yadda kake yi. Inna ta kwance bakin zanenta tana salati, ta miƙo mini fis ɗin na mayar da su. Na yi bismillah, na rufe ido, na ɗaga makunnin ina jiran ƙara, ina jiran ƙauri, ina jiran abin da ya same ka. Da na buɗe ido, ba komai sai wata 'yar shuɗiyar fitila a jikin rile tana ƙiftawa a hankali.

Saura haɗa ta da wayar hannu. Na sauke manhajarta, na danne ɗan maɓallin da ke jikinta har fitilar ta koma ƙiftawa da sauri, na sa manhajar ta nemo ta. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Karo na uku gumi ya jiƙa mini baya, na ce shi ke nan na ƙona ta. Malam ya ce shi a nan iliminsa ya ƙare, in koma wa takarda. A can ƙasa, cikin ƙananan rubutu, na ga ashe ba ta jin wayfay, wato intanet ɗin gida, sai mai lamba 2.4, ni kuwa wayata tana kan mai lamba 5. Da na sauya, sai aka tambaye ni kalmar sirri, wadda ban taɓa sani ba don kai ka sa mini da kanka. Na bincika littafin aikinka shafi shafi. A bangon baya na same ta: sunan nan da kake kirana da shi in ba kowa, haɗe da shekarar aurenmu. Na zauna a kan buhun abincin kifi na yi kukan da na kwana goma ina haɗiyewa. Wanda ya kulle gidansa da sunana, shi ne zai ce in fita daga cikinsa?

Fitilar ta daina ƙiftawa, ta tsaya cak. Na raɗa mata suna Ruwan Kifi. Na saita ta yadda in an ɗauke wuta aka dawo da ita ba za ta tada injin da kanta ba, kuma in ta yi minti ashirin da biyar za ta kashe, ko da na manta. Sannan na fito tsakar gida, nesa da kowane bango, na danna. Na ji ƙas daga cikin sito, injin ya yi gurnani, ruwa ya ɓarke a tankin farko fari tas. Inna ta ɗaga hannu sama. Malam Sagir ya ce in gaya maka ɗaurin wayata ya fi naka tsabta lokacin da ka fara.

Za ka ce to tsoro ya ƙare. Bai ƙare ba, rabin raina. Duk lokacin da na ji ƙas ɗin nan gabana faɗuwa yake, in waiga bangon baya ina neman ka. Ina tsoron hadari in ya haɗo daga wajen duwatsun Riruwai. Ina tsoron ƙarar babur a ƙofar gida, kada ya zama Yaya Lawal ne da takarda a aljihu. Ina tsoron Litinin, kuma ina tsoron abin da ya fi Litinin: ka tashi daga gadon nan da rai da lafiya, amma ka yanke wa zuciyata hukuncin da likita bai yanke wa hannunka ba. Waya na iya ɗaurewa, sukuru na iya matsewa, amma wace takarda zan karanta in san yadda ake komo da kai? Ka ɗauka yatsu biyar na aura? Ko dam ya janye da rani, masunta ba sa kwashe komarsu su bar Tiga. In hannun ya tsira, alhamdu lillahi. In bai tsira ba, ga nawa biyu, jiya na gwada su a gaban malaminka, kuma sun yi. Kai ka zauna a kujera ka faɗa, ni in ɗaure.

Ga roƙona guda ɗaya. Wayarka tana wajena tun ranar da aka ɗauke ka. Na yi mata caji, na sa mata manhajar, na naɗe ta a cikin farar rigarka a ƙasan jaka. In ka buɗe za ka ga Ruwan Kifi da maɓalli ɗaya a tsakiya. Babban yatsan hagu ya isa. Gobe Alhamis da ƙarfe goma na safe ba zan kunna injin ba. Zan tsaya a tsakar gida, in saurara. In na ji ya tashi ban taɓa komai ba, na san ka karanta, ka yafe mini taɓarya, ka janye maganar da ka faɗa wa bango, kuma ranar Litinin ina gefen gadonka lokacin da za a kwance bandeji.

In sha biyu ta yi ban ji komai ba, zan kunna da kaina, don kifi ba su yi laifin komai ba. Zan ce wa Inna sabis ne babu a asibiti. Jibi da ƙarfe goma in sake fitowa in tsaya, haka gata, haka citta.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne, ya dawo mini da kai ko da yaya ka dawo.

Taka a jiya da yau, taka da hannu biyu ko ɗaya, har ranar da za a miƙa ni makwancina,

Barakatu.