Jirgin da Ba Ya Tafiyar Dare

Daren Talata, unguwar Bani Malik, Jidda

Yau ma mun yi da Abu Hauwa a kan jirgin ruwan da 'yarmu Hauwa ta kama mana haya a Ingila. Siririn jirgi ne mai ɗaki da kicin, mu za mu tuƙa shi a magudanar da aka haƙa.

Na tsara mana wuraren kwana: mu tashi da hantsi, mu ɗaure jirgi da la'asar kusa da ƙauye. Sai ya ce, "La, la, Ummu Hauwa! Mu yi barci har azahar, bayan isha'i yalla mu kama hanya." Shi a zatonsa ko'ina Jidda ne, rana ta gudu ce, dare na yawo. Na ce masa masu jirgin sun hana tuƙin dare, ga ƙofofin ruwa da hannu ake buɗe su. Ya yi dariya, wai jirgin da tsohuwa mai sanda za ta wuce shi.

To, ta wuce mana! Tun ina budurwa nake girkin biki cikin dare, ana yi mini yalla yalla, wato maza maza, in dawo da asuba ƙafafu a kumbure. Rabona da ganin safiya ina zaune har na manta.

Halas, magana ta ƙare, ba zan rage zango ko ɗaya ba. In sauri yake yi, ya sauka ya taka, zai riga mu isa. Ya ɗora mana shayi.