Makullin Siton Tsamiya

Hadejia, Laraba
Aikin farko yau: kai rigar aiki wajen mai guga. Na fasa.

Yaya Saudatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ciwon ƙafar, da yara, da mutanen Malam Madori? Muna lafiya, alhamdulillahi.

Kin ji kamfanin Tsamiya ya karye. Ba injin casarmu kaɗai ba, har suga da takin zamani da tumatirin gwangwani, duk bashin banki ya cinye. Kotu ta naɗa masu riƙo. Sun rufe tumatir, sun sa suga a kasuwa, sun ce shinkafa za ta ci gaba, amma da rabin ma'aikata. Ba na cikin rabin.

Munzali ɗan Gwaggo Yakaka yana ciki. Shi aka ba shugabancin sito gaba ɗaya, Yaya. Ni na kai shi kamfanin yana ɗinkin buhu. Na zauna na auna mu biyu da adalci: na fi shi karatu, na fi shi sammako. Ya fi ni iya dariya da manya. Wataƙila abin da ake nema ke nan, ban sani ba.

Jiya ya tsaya da sabon babur a majalisarmu. Kin san wasan taubasai, tun muna yara ni ɗan namiji nake ce masa bawana. Ya cire hula ya durƙusa, wai ranka ya daɗe ubangidana, bawanka na neman mai riƙe masa makulli, ko za a taimaka. Kowa ya yi dariya. Na ce bawa ko ya hau jirgi bawa ne. Ba a fushi da taubashi, don haka na yi dariyar na shige gida. Tuwo bai shiga ba.

Ki sa ni a addu'a, ba na son abin da nake ji.

Ƙaninki,
Abdulmannan

Hadejia, Lahadi

Yaya Saudatu,

Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Gwaggo ta aiko kirana, ta wanke ni tas. Ashe maganar makulli gaske ce. Masu riƙo sun bar wa Munzali ya zaɓi mataimaki, ya ba da sunana. Ya ce mata bai san yadda zai faɗa mini kai-tsaye ba, tunda bai taɓa yi mini magana ba sai da wasa. Da masu riƙo suka ga ban zo ba, ya ce musu ubangidansa na fama da zazzaɓi. Su mutanen Legas ne, suka ɗauka wani babba ne, suka jira. Gobe haƙurinsu ke ƙarewa, akwai wani ɗan Auyo a layi.

Ya kamata in ji daɗi. Abin da na ji shi ne, har kirki ma ya fi ni. Matata Ummussalma ta ce in tafi, buhun masara ya kusa ƙasa. Zan tafi. A sito kowa Oga yake ce masa. Na gwada faɗar kalmar a bayan gida, ta maƙale.

Ki gaida maigidan.

Ƙaninki,
Abdulmannan

Na gobe:
Guga, da asuba.
Faci a tayar keke.
Goro ga Gwaggo.
Karɓar makulli.
Oga, ko bawana. Ban yanke ba.